Laftof da Monita: Yadda Ake Bin Sawun Matsala Idan Hoto Ya Ƙi Fita

Mutum ya jona laftof ɗinsa da monita ko talabijin ko majigi, kan wayar ya shiga raminsa daram, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin, ko ya rubuto "No Signal" ya yi shiru. Nan take sai a fara yanke hukunci. Wani ya ce monitar ce ta mutu, wani ya ce Windows ɗin ne ya lalace sai an yi fomatin, wani kuma ya ce ai na'urorin biyu ne ba su dace da juna ba, sai dai a sayi wata. Galibi duk ukun sun yi gaggawa. Hoton da ke fita daga laftof zuwa wani allo yana ratsa zango biyar: injin hoto da direbansa, ramin da ke jikin laftof, adafta idan akwai, waya, sai ramin monita da saitinta. Kowane zango yana da abin da zai iya ɗauka da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma siffar kan waya ba ta bayyana ko ɗaya daga ciki. Shigar kai cikin rami ba shaida ba ce cewa hoto zai wuce. Hanyar da ke kai mutum ga inda cutar take ita ce ya bi zangunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya fara da abin da ba ya cin kuɗi, ya kuma canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canja waya da adafta da direba a lokaci guda, ko hoton ya fito bai san abin da ya gyara ba, kuma gobe zai sake faɗawa ramin da ya fita.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a san abin da ke faruwa a daƙiƙa biyun farko bayan an jona. Kan HDMI yana da tsinkaye 19. Na 18 yana aika wuta 'yar kaɗan mai ƙarfin volt 5 daga laftof zuwa monita, na 19 kuma shi ne monita ke amfani da shi ta sanar da laftof cewa an jona ta. Daga nan laftof ta karanto wani ɗan taƙaitaccen bayani da ke ajiye a cikin monitar, wanda ake kira EDID. Ainihinsa bayit 128 ne kacal, amma a ciki akwai sunan monitar, girmanta, da jerin yawan ɗigon hoto da saurin da take iya karɓa. Sai bayan an yi wannan gaisuwa ne laftof ke zaɓen abin da za ta aika. Wannan ya raba matsalolin gida biyu, kuma duk binciken ya rataya ne a kan rabon. Ko dai laftof ba ta san an jona komai ba, ko kuma ta sani amma hoton da take aikawa bai isa ba ko bai yi kyau ba. Gane wanne ne abu ne mai sauƙi. A Windows, shiga Settings, sai System, sai Display. Idan ka ga lamba 1 da 2, ko a akwatuna biyu ko a haɗe a akwati ɗaya, an yi gaisuwar, matsalarka tana gida na biyu. Idan lamba 1 kaɗai ce ko bayan ka danna Detect, tana gida na farko. A kwamfutar Apple, riƙe maɓallin Option a shafin Displays yana fito da maɓallin neman allo.

Akwai abubuwan da ake wucewa da sauri domin ba sa cin ko sisi. Monita mai rami biyu ko uku ba lallai ta gane da kanta wanne aka jona ba, don haka danna maɓallin Source ko Input ka zaɓi ainihin ramin da wayar ke ciki. HDMI 1 daban, HDMI 2 daban. Danna maɓallin Windows tare da P, za ka ga zaɓi huɗu, kuma idan yana kan "PC screen only" to laftof ɗin da gangan take hana hoto fita; mayar da shi Duplicate ko Extend. Tsofaffin injuna suna da nasu maɓallin: Fn da F4 a HP da yawa, F8 a Dell, F7 a ThinkPad. Danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana farfaɗo da direban hoto ba tare da an kashe kwamfutar ba, allon zai ɗan ƙifta kawai. Sannan cire monitar daga soket gaba ɗaya na kamar minti ɗaya, domin kashe ta da maɓalli ba ya ɗauke wuta daga cikinta, kuma gaisuwar da ta sarƙe takan warware ne idan an sake ta daga farko.

Idan har yanzu laftof ba ta ga komai ba, sai a koma ga musanya. Ka ɗauki wayar da monitar ka jona su da wata na'ura da ka tabbatar tana aiki, ko da dikodar talabijin ce. Idan hoto ya fito, ka wanke waya da monita a gwaji ɗaya, saura laftof da adafta. Idan bai fito ba, canja wayar kaɗai ka sake. A nan ne kuma ya kamata a duƙa a kalli ramin laftof ɗin da kyau, musamman ga masu amfani da injunan ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin waɗanda suka cika shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano. An ƙera su ne don ofisoshin da monitocinsu ke amfani da DisplayPort. HP EliteBook 840 G3, alal misali, tana da DisplayPort da VGA, ba ta da HDMI ko ɗaya. ThinkPad T450 tana da ƙaramin DisplayPort da VGA. Daga nesa DisplayPort da HDMI sun yi kama, amma HDMI kusurwoyinsa biyu na ƙasa ne a yanke, DisplayPort kuwa kusurwa ɗaya. Kan DisplayPort da yawa yana da ƙugiya da sai an danna wani ɗan maɓalli a bayansa kafin ya fita, kuma fizge shi da ƙarfi na iya ɓalle ramin daga jikin allon injin. Wani abin da ake yawan mantawa: ramin HDMI na laftof na fitar da hoto ne kawai. Jona laftof biyu da wayar HDMI ba zai mayar da ɗaya ta zama monitar ɗaya ba, kuma ba lalacewa ba ce.

Adafta ita ce inda aka fi asarar kuɗi, saboda hoto yana da alkibla, adafta ma haka. VGA, mai shuɗin kai da tsinkaye 15, IBM ce ta fito da shi a 1987, kuma hotonsa yana tafiya ne a matsayin hawa da saukar ƙarfin wuta. HDMI da ya zo a 2002 da DisplayPort na 2006 lambobi suke aikawa. Waya zalla ba za ta iya fassara ɗaya zuwa ɗaya ba, dole sai da ɗan guntun injin da ke cikin adaftar, kuma injin nan hanya ɗaya yake aiki. Adaftar da aka yi don ɗauko hoto daga HDMI zuwa tsohon majigi mai VGA ba za ta yi aiki ba idan aka juya ta daga laftof mai VGA zuwa talabijin mai HDMI, duk da cewa kawunan za su shiga. Ta biyun wata na'ura ce daban, wadda yawanci ke da wutsiyar USB don wuta da wata 'yar waya don sauti, tunda VGA ba ya ɗaukar sauti. Haka nan tsakanin DisplayPort da HDMI. Yawancin ramukan DisplayPort na laftof suna iya gane an jona musu HDMI su sauya harshe da kansu, wasu ma an buga musu alamar DP++ a gefe, shi ya sa waya mai arha ke aiki daga DisplayPort zuwa HDMI. Daga HDMI zuwa monita mai DisplayPort kuwa wayar nan ba ta da amfani, sai adafta mai injin kanta. Ƙarin wani abu: adaftar HDMI zuwa VGA tana shan wuta ne daga tsinke na 18 ɗin nan, wanda ba a yi shi don ciyar da na'ura ba. A wata laftof wutar ta isa, a wata ba ta isa ba. Idan adaftarka tana da ƙaramin ramin caji a gefe, ba ado ba ne, jona mata wuta. Lokacin saye, faɗa wa mai shago jimlar gaba ɗaya: daga wane rami na laftof, zuwa wane rami na allo.

Ramin da ya fi kowanne ruɗar da mutane shi ne USB-C, wanda ya fito a 2014. Siffarsa ɗaya ce a ko'ina, amma abin da ke bayansa ya danganta da abin da kamfanin ya ga dama ya haɗa. Wani ramin na tura fayil ne kawai, wani ya ƙara da caji, wani kuma yana fitar da hoto ta wani tsari da ke aron layukan USB ya ɗora musu DisplayPort. Ba dole ba ne kamfani ya saka wannan na ukun, kuma laftof masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da shi. Ba direba ko saiti da zai ƙirƙiro shi idan babu, domin magana ce ta ko an ja layi daga injin hoto zuwa ramin ko ba a ja ba. Alamar walƙiya a gefen rami yawanci tana nufin Thunderbolt, wanda tun fitowar na 3 a 2015 yake amfani da siffar USB-C kuma yana ɗaukar hoto tabbas. Alamar harafin D ita ma tana nufin akwai hoto. Rashin alama kuwa ba ya yanke hukunci, sai an nemi takardar bayanin ainihin samfurin a shafin kamfanin, an duba ko an ambaci DisplayPort a layin USB-C. A laftof mai rami biyu, yana yiwuwa ɗaya kawai ke da shi, don haka a gwada duka. Sannan ita kanta wayar: wayoyin caji da yawa, har da waɗanda ke zuwa a kwali da cajar kwamfuta mai tsada, ba su da layukan gudu da hoto ke bi, na wuta ne kawai da na USB 2.0. Irin wannan waya za ta yi caji lafiya lau, monitar ma ta ciyar da laftof da wuta, amma allo ya ci gaba da zama baƙi. Wannan ne ke sa mutum ya rantse cewa wayarsa ƙalau take.

A gida na biyu, inda laftof ta ga monitar amma hoton bai gamsar ba, maganar ta koma lissafi. Allo mai ɗigo 1920×1080 yana da ɗigo 2,073,600, mai 3840×2160 da ake kira 4K yana da ninki huɗu na wannan. HDMI 1.4 na 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, wanda ke isar 4K sau 30 kawai a daƙiƙa. HDMI 2.0 na 2013 ya kai gigabit 18, ya isa sau 60. HDMI 2.1 na 2017 ya kai 48. Zangon da ya fi rauni shi ke yanke wa sauran hukunci, don haka sabuwar monita da sabuwar waya ba za su ɗaga tsohon rami ba. Alamar sau 30 ita ce kibiyar linzami da ke tafiya tana ciccije kamar mai ɗingishi, kuma ana tabbatarwa a Advanced display. Mafita a nan ko dai a koma wani ramin, domin DisplayPort 1.2, idan laftof ɗin tana da shi, yakan iya 4K sau 60, ko a rage ɗigon zuwa 2560×1440 ko 1920×1080 a sami santsi. Ƙananan akwatunan USB-C masu ramuka da yawa su ma suna jawo wannan: layukan gudu huɗu ne a ramin, akwatin ya ba USB biyu ya bar wa hoto biyu, sai ƙarfin ya rabu. Saƙon "Out of Range" kuwa kishiyar wannan ne, laftof ce ke aika abin da ya fi ƙarfin allon, abin da ke yawan faruwa da tsofaffin majigai masu 1024×768 idan doguwar wayar VGA ta ɓatar da bayanin EDID a hanya. Sai a zaɓi Extend, a danna akwati na 2, a rage masa ɗigo da hannu, a sa saurin a kan 60.

Yanayin lalacewar hoton shi kansa yana nuna mai laifi. A VGA, tsinkaye uku na farko su ne ja da kore da shuɗi. Idan hoto ya rine ya koma ruwan ɗorawa, shuɗin ne ya ɓace. Idan ya koma ruwan hoda, koren ne. Idan ya koma shuɗi-shuɗi mai haske, jan ne. Cire kan ka haska shi da tocilar waya, sau da yawa za ka ga tsinke ɗaya ya kwanta a kan maƙwabcinsa ko ya nutse ciki, kuma ana iya miƙar da shi a hankali da bakin allura. Rubutu mai dishi-dishi a VGA maɓallin Auto na jikin monita yake nema. HDMI kuwa ba ya dusashewa a hankali, ko dai ya kawo fararen ɗige-ɗige masu ƙyalli, ko ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, kuma wannan yawanci waya ce mai rauni ko wadda ta yi tsawo da yawa. Idan layuka na yawo a kan allo daga ƙasa zuwa sama, cire cajar laftof ɗin ka bar ta a kan batir. Idan suka ɓace, laifin na caja ne ko na wutar gidan, ba na monita ba. A wuraren da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta da inbata, kuma soket da yawa ba su da wayar ƙasa, wannan gwaji ya fi muhimmanci fiye da yadda littattafan kamfanoni ke nunawa. Idan jikin ƙarfen na'ura yana ɗan jan hannu, a jona laftof da allo a kan soket ɗaya, a kuma saka wayar hoto kafin a kunna wutar allon, domin bambancin wuta tsakanin na'urori biyu yana iya ƙona ramin HDMI.

Talabijin tana da nata halin. Takan yanke gefunan hoto har sandar ƙasa ta Windows ta ɓace, gadon da ta ɗauko daga zamanin tashoshin da. Ana kashe shi a saitin girman hoto, Just Scan a LG, Screen Fit a Samsung da yawa. Sauti kuma yakan ɓace bayan an jona HDMI don Windows ta mayar da shi ga monitar da ba ta da sifika, sai a danna alamar sauti a dawo da shi. Kuma Duplicate yana tilasta wa allo biyu ɗigo iri ɗaya, don haka laftof mai 1366×768 za ta jawo babbar monita ƙasa. Extend ne ke barin kowanne ya yi iyakar ƙarfinsa.

Za a iya cewa duk wannan zagaye ne, ai sabunta direba ko fomatin yakan magance matsalar a tashi ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙarama ce, kuma tana da alamar da ake gane ta. Buɗe Device Manager, duba ƙarƙashin Display adapters. Idan ka ga sunan Intel ko AMD ko NVIDIA ba tare da alamar gargaɗi ba, direba yana nan. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to babu ainihin direban, kuma wannan na wucin gadi sau da yawa ba ya iya sarrafa allo na biyu. Abin lura shi ne fomatin ɗin kansa ne ke yawan jawo wannan hali, idan aka sa sabon Windows ba a bi da direbobi ba. Maganinsa saukar da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin da lambar samfurinta. Idan kuma matsalar ta fara ne washegarin wani sabuntawa, Roll Back Driver a Device Manager zai mayar da na baya. Bayan waɗannan biyun, goge kwamfuta gaba ɗaya don adaftar da aka juya baibai asarar yini ce da fayiloli, kuma allon zai ci gaba da zama baƙi bayan an gama.

Wasu kuma za su ce a kashe kuɗi sau ɗaya a huta: waya mafi tsada da akwati mai kowane irin rami. Waya mai inganci tana da amfani, amma ingancinta a rukuninta yake, ba a ruwan zinaren da aka shafa wa kanta ba. A wayoyin HDMI, High Speed ta isa 1080 da 4K sau 30, Premium High Speed ta isa gigabit 18, Ultra High Speed ta isa 48, kuma wadda ta wuce buƙatarka ba za ta ƙara wa hoto kyau ba. Akwatin kuma ba ya ƙara wa laftof abin da ba ta da shi. MacBook Air mai injin M1 ta 2020 allo ɗaya kawai take fitarwa waje, komai yawan ramukan akwatin. Akwatunan da ke raba DisplayPort ɗaya zuwa allo biyu suna aiki a Windows, amma a kwamfutar Apple allon biyu hoto ɗaya za su nuna. Hanya ɗaya da ke zagaye wannan ita ce akwati mai fasahar DisplayLink, wanda ke matse hoton ya tura shi ta USB na yau da kullum. Yana ceton laftof da USB-C ɗinta ba ya fitar da hoto, amma sai an saka masa manhajarsa, yana ƙara wa injin nauyi, kuma ya fi dacewa da rubutu da lissafi fiye da wasanni ko tace bidiyo.

Saura masu cewa ba su da lokacin wannan, gara su kai wa mai gyara. Wani lokaci hakan ne daidai, kuma gwaje-gwajen nan su ne ke nuna lokacin. Idan waya da monita sun yi aiki da wata na'ura, direba yana nan daram, an tabbatar ramin na fitar da hoto ne, amma laftof ba ta ga kowane allo ba, ko hoton na zuwa ne kawai idan an danne kan wayar gefe ɗaya, to ramin ya saki daga jikin allon injin ko abin da ke bayansa ya ƙone. Wannan aikin mai dalma ne. Kafin a biya kuɗinsa, a duba ko laftof ɗin tana da wani ramin hoto da ba a taɓa amfani da shi ba, domin ƙonewar HDMI ba lallai ta shafi VGA ko DisplayPort ba, kuma adafta ɗaya ta fi buɗe inji arha. Idan dole sai an kai, a tafi da wayar da adaftar da cajar, a gaya wa mai gyaran wane allo aka gwada, ko akwati na 2 ya taɓa fitowa a Display, da abin da Device Manager ya rubuta, sannan a ce masa kada ya taɓa Windows ɗin sai ya auna ramin tukuna.